Abin Da Ya Haɗa Manomin Funtua Da Bom Na Atam

Ran Asabar, 13 ga watan Fabrairu 1960, da sassafe, Faransawa suka fasa bom ɗinsu na atam na farko a cikin Hamada, kusa da wani gari da ake kira Reggan a ƙasar Aljeriya. Lokacin nan hunturu bai wuce ba. A ƙasar Funtua da Malumfashi an riga an sa dawa a rumbu, ana ta kai auduga kasuwa a kan jakuna, injin gurza na kamfanin B.C.G.A. yana aiki. Tsakanin Reggan da Funtua ya fi mil 1,000, amma wannan bai kwantar wa kowa da rai ba, gama kowane yaro ya san daga wace kusurwa iskar hunturu take busowa.

An ƙiyasta ƙarfin bom ɗin nan ya yi kamar huɗu na wanda Amurka ta jefa wa birnin Hiroshima na Japan ran 6 ga Agusta 1945, wanda ya ci rayuka wajen 140,000 kafin shekarar ta ƙare. Tun a 1959 shugabannin Nijeriya suke kuka a kan shirin Faransa, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kai maganar gaban Gwamnatin Ingila, amma a lokacin ƙasar ba ta da bakin kanta. Faransa ta sake fasa na biyu ran 1 ga Afrilu. Da ta fasa na uku ran 27 ga Disamba 1960, ta tarar Nijeriya ta sami mulkin kai. A farkon Janairu 1961 Gwamnatin Tarayya ta kori jakadan Faransa daga Ikko, ta hana jiragen ruwansu da na sama sauka a ƙasar nan. Ƙasa ce wadda ba ta kai wata huɗu da samun 'yanci ba, duk da haka ta yi wannan. Bayan bom na huɗu a Afrilu 1961 Faransawa suka koma gwaji a ƙarƙashin duwatsu wajen In Eker, har 1966.

Ashe kuwa tsoron da aka ji ba na banza ba ne. Wata taswira ta sojan Faransa da aka ɓoye fiye da shekara 50, jaridu suka buga ta a 2014, ta nuna ƙurar bom na farko ta isa Fort Lamy, watau Injamena ta yanzu, da Bamako cikin 'yan kwanaki, kafin mako biyu kuma ta kai gaɓar Sifen da tsibirin Sisili. Iska ba ta tsayawa a kan iyaka ta nuna fasfo.

MAƘWABTA BIYU

Wancan gwaji ne a fili, ba birni aka ƙona ba. Abin da ya fi tayar wa masana hankali a zamanin nan shi ne maƙwabta biyu, Indiya da Pakistan, waɗanda kowannensu yake da irin wannan makami. Ƙasa ɗaya ce a hannun Ingilishi aka raba ta biyu a 1947, tun ranar kuwa suke jayayya a kan yankin Kashmir. Sun gwabza a 1947 da 1965 da 1971. Indiya ta gwada bom ɗinta a 1974, ta sake a watan Mayu 1998, kafin watan ya ƙare Pakistan ta rama da nata. Samun bom bai hana su faɗa ba: sun kara a duwatsun Kargil a 1999. A ran 22 ga Afrilu 2025 'yan bindiga suka kashe mutum 26 a Pahalgam ta Kashmir, daga 7 zuwa 10 ga Mayu ƙasashen biyu suka yi ta jifan juna da makamai masu linzami kafin a tsagaita. A cikin rikicin nan Indiya ta jingine yarjejeniyar 1960 ta rabon ruwan Kogin Indus, wanda mafi yawan noman rani na Pakistan a kansa yake. Duk wanda ya taɓa ganin rigima a kan ruwa tsakanin masu lambu biyu a fadama ya san zafin irin wannan. Masu ƙidaya na birnin Stockholm sun ƙiyasta a 2025 Indiya tana da bom wajen 180, Pakistan wajen 170.

Haɗarin maƙwabta ya bambanta da na masu nisa. Makamin da aka harbo daga wannan ƙasa zai sauka a waccan cikin mintoci kaɗan. Shugaba ba shi da lokacin da zai tara majalisa ya bincika ko labarin da aka kawo masa gaskiya ne ko kuskuren na'ura. Wanda ya fi ƙarancin soja kuma, in ya ga an ci ƙarfinsa, shi ne zai fi saurin miƙa hannu ga abin da ya ajiye.

To, mai karatu na Bakori ko Ƙafur ya iya cewa, Allah ya kiyashe su, amma ina ruwan gonar masara da faɗan Kashmir? Amsar tana cikin hayaƙi.

KUNKUNNIYA A SAMA

Kowace mace ta san kunkunniyar da take taruwa a rufin madafa. Idan bom ya faɗa wa babban birni, gidaje da man fetur da robobi da kwalta duk za su kama wuta a lokaci ɗaya, baƙin hayaƙi ya tashi. Baƙin abu yana shan zafin rana, saboda haka hayaƙin nan sai ya yi ɗumi ya yi ta hawa, har ya wuce inda hadari yake haɗuwa. Hazon hunturu ƙasa-ƙasa yake, ruwan farko na bazara yana wanke shi. Wannan kuwa ya fi ƙarfin ruwa, gama a can ba a yin ruwan sama. Sai ya bazu ya rufe duniya cikin 'yan makonni, ya zauna shekaru yana tare hasken rana.

Wasu masanan yanayi na Amurka, Alan Robock da Brian Toon da abokan aikinsu, su suka fara lissafin wannan a 2007. Suka ce a ɗauka kowace ƙasa cikin biyun ta jefa bom 50 irin na Hiroshima a biranen ɗayar. Za a sami kunkunniya wajen tan miliyan 5 a sama, zafin duniya ya ragu da fiye da digiri 1. A 2019 suka sake lissafi da yawan makaman da ake zaton za a kai, suka sami mutum miliyan 50 zuwa 125 za su mutu nan take, hasken rana ya ragu da kashi 20 zuwa 35 cikin 100, ruwan sama na duniya ya ragu da kashi 15 zuwa 30, kuma sai an fi shekara 10 kafin abubuwa su koma daidai.

Malaman gona ma sun sa hannu. Wani bincike na 2020 ya ɗauki ƙaramin lissafin nan na tan miliyan 5, ya sami masarar duniya za ta ragu da kashi 13 cikin 100 har shekara 5, alkama kashi 11, waken suya kashi 17, shinkafa kashi 3. Wani na 2022 ya ce in ciniki tsakanin ƙasashe ya tsaya, mutum miliyan 255 za su rasa abinci a shekara ta biyu, in kuwa yaƙin ya yi girma adadin ya wuce miliyan 2,000. Akwai masana na Los Alamos da suka ce an cika yawan hayaƙin da zai kai can sama. Lissafi ne na kwamfuta, ba wanda ya gani da ido, amma ko an raba shi biyu abin da ya rage ya isa ya hana barci.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan, kada a firgita manomi da abin da ba shi ne zai same shi ba. Babbar asarar amfanin gona a lissafin nan tana kan ƙasashen sanyi ne, Amurka da Kanada da Turai da Rasha da arewacin Sin, inda lokacin noma gajere ne tsakanin ƙanƙara da ƙanƙara. Ragin digiri 1 ko 2 ba zai daskarar da dawa a Malumfashi ba. Inda abin zai taɓa ƙasar nan shi ne wajen damina, da wajen kasuwa.

DAMINA

Ƙasar Funtua tana samun ruwa wajen inci 40 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba. Ruwan nan daga teku yake zuwa. Rana tana gasa Hamada a bazara, iska mai zafi ta tashi, sai mai laima ta kudu ta biyo ta maye gurbinta. Watau zafin arewa shi yake janyo damina. In wani abu ya tare rana a arewacin duniya, janyowar sai ta yi rauni, hadari ya tsaya a kudu.

An taɓa ganin irin wannan, ba da bom ba, da duwatsu masu aman wuta. A watan Yuni 1912 wani dutse ya fashe a Katmai ta Alaska, ya watsa hayaƙi a saman arewacin duniya. Daminar 1913 ta ƙi, aka shiga yunwar da tsofaffi suke kira Kakalaba, wadda ta watsa garuruwa a ƙasar Katsina da Kano da Damagaram a 1914. A 1982 dutsen El Chichon na Meziko ya fashe, 1983 da 1984 suka zo da farin da masu shekara 50 ba su manta ba. Masanan yanayi na Ingila sun duba wannan a 2013, suka ga cikin daminoni huɗu mafi muni da yankin Sahel ya yi tun daga 1900, uku sun biyo bayan fashewar dutse a arewacin duniya. Ba wanda ya ce dutsen kaɗai ya kawo farin, zafin teku yana da nasa hannu. Amma wanda ya sayar da shanunsa a 1914 bai taɓa jin sunan Alaska ba.

Game da hayaƙin bom, masana ba su haɗa baki a kan abin da zai sami daminar Sahel ba. Wasu lissafai sun nuna raguwa, akwai wanda ya nuna ƙaramin yaƙi ya iya ma ƙara ruwa a wasu wurare. Ga manomi duka biyun matsala ce, domin noma da sabo ake yin sa. Dawa farafara da ƙaura ba ƙirga kwana suke yi ba, tsawon yini suke bi, sai dare ya fara tsawo sa'an nan su fid da kai, kuma iyaye sun zaɓe su ne don fid da kan ya dace da ƙarshen damina a wurin. In ruwa ya ɗauke da mako uku tun da wuri, dawa ba za ta gaggauta ba, sai zangarniya ta fito ba ido. Masara kuwa abin da ya sa ta fi yin kyau a nan bisa ga kurmi shi ne yawan hasken rana. A rage hasken, goyo ya ƙanƙance. Auduga ta fi su duka son zafi da haske, 'ya'yanta ba sa fashewa da kyau in sama ta yi duhu.

KASUWA

Nan ne babban rauni, kuma rauni ne na zamani. Kafin 1975 masara abin bayan gida ce, a gasa a ci da damina. Shirin Raya Aikin Gona na Funtua, wanda aka fara a shekarar nan da rancen Bankin Duniya tare da na Gusau da na Gwambe, shi ya kawo ingantaccen iri da takin zamani mai rahusa da hanyoyin karkara. Cikin 'yan shekaru masara ta ture dawa da auduga daga manyan gonaki, kasuwar Dandume ta zama wurin da manyan motoci suke lodi zuwa Ikko da Ibadan. An sami arziki, ba mai musun wannan. Amma masara ba ta yi sai da kamfa da yuriya. Yuriya dai ana yin ta a gida, a Fatakwal da Ikko. Sauran abubuwa biyu da ake haɗa kamfa da su, daga waje suke zuwa, ɗaya daga Maroko, ɗaya daga ƙasashe irin su Rasha.

An ɗanɗana wannan a 2022, da yaƙi ya tashi tsakanin wasu maƙwabtan, Rasha da Yukren. Ba a jefa bom na atam ko ɗaya ba, amma kayan haɗa taki da ake jira daga Rasha ba su iso a kan kari ba, sai da Nijeriya ta nemo na gaggawa daga Kanada, kuɗin buhun taki ya yi tsalle, burodi ya tsuke, gama kusan duk alkamar da ake ci a ƙasar nan sayowa ake yi. A watan Yuli 2023 kuma Indiya, wadda ita kaɗai take fitar da wajen kashi 40 cikin 100 na shinkafar da ake ciniki a duniya, ta hana fitar da wani kashi na farar shinkafarta don ta kare kasuwar gida. Farashin duniya ya hau inda bai kai ba cikin shekara 15. Ƙasar Benin tana cikin manyan masu sayen shinkafar Indiya, kuma duk ɗan kasuwar da ya san hanyar Maraɗi da Jibiya ya san inda da yawa daga cikinta take ƙarewa. Wannan doka ce kawai da aka sa wa hannu. A auna ranar da tashoshin jiragen ruwan Mumbai da Karachi suka zama toka.

Ba shinkafa kaɗai ba ce. Babur ɗin Boxer da yake ɗauko buhu biyu daga gona zuwa bakin titi, na kamfanin Bajaj ne na Indiya. Keke mai ƙafa uku, Bajaj ne ko TVS. Tarakta Mahindra daga can take. Magunguna da yawa da suke cikin kantin kemis na ƙauye, a duba bayan kwalin a ga inda aka yi su.

Wani zai ce ai in abinci ya yi tsada, kakar manomi ce ta yanke saƙa. Haka yake a takarda. A zahiri kuwa ƙaramin manomi da kaka yake sayarwa, don ya biya bashin taki da kuɗin makaranta da hidimar biki. In Amurka da Rasha suka rufe rumbunansu, kamar yadda kowace ƙasa take yi in ta tsorata, masu kuɗi daga kowace kusurwa za su sauko Dandume da Bakori da Sheme da Dawanau su share abin da yake ƙasa. Mai gonar kuma ya dawo a watan Yuli da tiya a hannu yana sayen masarar da shi ya noma, ninki uku. Wanda ya riƙe kaya a sito shi zai ci ribar. Ga kuma gonaki masu yawa wajen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da ɓarayin daji suka hana nomawa shekara da shekaru, abin da ya rage ajiyar da yankin zai jingina da ita.

ABIN DA YAKE HANNU

Wajen hana yaƙin, aikin gwamnatoci ne, kuma Nijeriya ba ta saki layin da ta kama a 1961 ba. Ta sa hannu a yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nan a 1968. Tana cikin yarjejeniyar Pelindaba ta 1996, wadda ta haramta su a nahiyar Afirka, ta fara aiki a 2009. Ta amince da sabuwar yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya mai haramta su ɗungum ran 6 ga Agusta 2020, sai dai ba ko ɗaya cikin ƙasashe masu bom da ta shiga. Ko ƙaramin injin nukiliya na bincike da yake Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun 2004, inda ake auna abubuwa irin su ƙasar gona, an cire masa makamashin da ake gudun ya faɗa mugun hannu a 2018 aka mayar Sin.

Wajen gona kuwa, shirin da ya dace da wannan masifa shi ne dai shirin fari, ba wani sabo ba. Dattawan da suka ga 1973 da 1984 ba sa buɗe rumbun bara sai sun ga dawar bana ta yi ido, kuma ba sa cin iri. Yau akwai magidanta masu eka 10 da ba su da rumbu ko ɗaya, daga gona sai kasuwa. Wannan kuskure ne ko da ba a taɓa ƙera bom ba. Buhu mai ciki uku, wanda ake ɗaure kowane ciki dabam, yana riƙe wake da masara shekara guda ko fiye ba tare da magani ba, muddin hatsin ya bushe ƙwarai kafin a zuba.

Gonar da aka cika da masara zalla, mai dogon kwana, caca ce a kan taki da ruwa gaba ɗaya. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da irin masara da dawa masu saurin nuna, akwai masarar da take kaiwa cikin kwana 90 ko ƙasa da haka. In aka ware mata wani yanki, aka bar wa gero da dawa nasu, aka sa waken suya ko gyaɗa ko wake a juya da masara, an rage buƙatar yuriya, an kuma raba haɗarin. Rogo da dankali suna jure abin da masara ba ta jurewa, rogo ma rumbunsa a ƙasa yake. Takin shanu da na bola da na kaji, wanda wasu suka raina tun zuwan na zamani, ba ya jiran jirgin ruwa. A tara shi a rami tun da rani, a rufe shi daga rana, a kai gona kafin huɗa.

Irin gida ma yana bukatar mai riƙe shi. Masarar aure da ake saya a leda tana ba da amfani mai yawa, amma 'ya'yanta ba sa maimaita uwar, tilas a sake saye kowace shekara. Farafara da ƙaura da maiwa kuwa, manomi ne yake zaɓen zangarniyar da ta fi kyau tun tana tsaye a gona, ya ɗaure ta dabam, ya rataye inda hayaƙin madafa zai kore mata ƙwari. Dami ɗaya ya isa shukar eka da dama. Lokacin zaɓen shi ne watan Nuwamba, kafin masu yanka su shiga su gauraya kome.